Kafin a sayar da gona don maganin daji, a karanta takardar gwaji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai harhaɗa magunguna ce, kantina yana bakin titin Zariya, ba nisa da Asibitin Malam, don haka masu jinyar ciwon daji ba sa yanke mini. Yawancinsu da takardar likita suke zuwa. Amma a 'yan shekarun nan an samu masu zuwa da waya a hannu, su nuna mini hoton kwalin magani da wani ɗan uwa ya turo daga Indiya ko Masar ko Dubai, su ce wai wannan ne sabon maganin da ke bin daji shi kaɗai ya kashe, ba ruwansa da lafiyayyen jiki, ko zan iya samo musu.

Irin wannan magani akwai shi, ba ƙarya ba ne. A 2001 aka fara amfani da imatinib a kan wata irin sankarar jini wadda lahani guda ɗaya tak a ƙwayoyin gado ke haddasawa, kuma mutanen da a da ba sa wuce 'yan shekaru, yau suna shan ƙwayarsu kullum suna aurar da 'ya'ya. A 2004 masu bincike a Amurka suka gano cewa masu dajin huhun da ke samun sauƙi da gefitinib, akasarinsu suna da wani lahani a ƙwayar gado mai suna EGFR. A 2022 kuma labarin marasa lafiya 12 na birnin Niyok, waɗanda dajin duburarsu ya ɓace bayan allurar dostarlimab, ya zaga WhatsApp ɗin Kano kaf da taken an samo maganin kansa. Abin da masu turawa suka tsallake shi ne, mutum 12 ɗin nan an zaɓo su ne saboda dajinsu yana da wani lahani na musamman da kaɗan ne daga masu wannan ciwo ke da shi. Maganin ba sunan ciwo yake bi ba. Lahanin da ke cikin ƙwayar yake bi, in babu lahanin, kuɗi ne suka tafi a banza.

Kwanakin baya wani matashi ɗan adaidaita sahu ya shigo mini bayan la'asar. Ya ce, "Anti, Baba ne ba lafiya, an ce dajin huhu ne. Wannan maganin muke nema, ko nawa ne." Hoton gefitinib ne. Mahaifin manomin shinkafa ne a Kura, ya daɗe yana shan taba, kuma yayyen yaron sun riga sun yi magana da dillali a kan wata gona. Na ce ya nuna mini takardar gwajin naman da aka yanka. Ya zaro ta daga leda, duk ta nannaɗe, gefe guda ma mai ya taɓa ta. A layin ƙarshe, inda likitan gwaji ke rubuta hukuncinsa, ga kalmar squamous nan ɓaro-ɓaro. Na ce masa, "Ƙanina, kada ku taɓa gonar nan tukuna. Koma wajen likitan da ke ganin Baba, ka nuna masa hoton nan, ka tambaye shi ko irin dajin Baba yana jin wannan magani." Ya dube ni kamar na hana shi abin da ke cikin kanta. Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa dajin huhu ma iri-iri ne.

Shi wannan daji na sikwamos daga shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin da suka lulluɓe jiki yake tashi: fata, leɓe, cikin baki, harshe, maƙogwaro, bututun abinci, bakin mahaifa, bakin dubura, har da farin ido. A huhu da mafitsara asali babu irin waɗannan ƙwayoyi, amma idan hayaƙi ya daɗe yana ƙona hanyar iska, ko ƙwan tsargiya ya daɗe yana gurzar mafitsara, sai ƙwayoyin wurin su rikiɗe su koma irinsu, daga nan daji ya samu wurin tsira. Mafi yawan dajin baki da maƙogwaro, da mafi yawan sankarar bakin mahaifa, sikwamos ne. Ke nan ba baƙo ba ne a asibitocinmu.

Wanda ya yi makarantar allo zai fi saurin gane yadda abin ke faruwa. A cikin ƙwayar halittar jikinmu akwai rubutu mai harafi wajen biliyan 3, da haruffa iri 4 kacal aka yi shi, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace umarni ce ta haɗa wani sinadari. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun nan daga farko har ƙarshe. Mai rubutu kuwa ba ya rasa kuskure, shi ya sa ake kai allo wajen mai darasu. Idan kuskuren kaɗan ne ya sa a gyara, idan ya yi yawa ya ce je ka wanke. A jiki, mai darasun nan wani sinadari ne da ake kira p53, wanda aka gano a 1979, kuma ƙwayar gadon da ke haɗa shi ita ce TP53. Shi ke tsayar da rabuwa har a gyara, in gyaran ya gagara ya umarci ƙwayar ta mutu. Ranar da kuskure ya faɗa a kan shi kansa TP53, an rasa mai duba allo, sai kowa ya riƙa kwafa daga ɓataccen rubutu yana ƙara nasa.

A 2012 wani babban aikin bincike na Amurka mai suna TCGA ya karanta rubutun dajin huhu na sikwamos guda 178. An samu TP53 a lalace a kashi 81 cikin 100, kuma kowane ƙari yana ɗauke da kurakurai wajen 360 a sassan rubutun da ke haɗa sinadarai. A 2015 suka yi wa dajin baki da maƙogwaro guda 279 irin wannan karatu: a waɗanda babu HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa da wani dajin maƙogwaro, kashi 84 cikin 100 TP53 ɗinsu ta lalace. Sauran sunayen da ke yawan fitowa, irin su CDKN2A da NOTCH1, su ma masu tsawatarwa ne, aikinsu hana ƙwaya wuce gona da iri, kuma a wannan daji rasa su ake yi.

To, a nan gizo ke saƙar. Magani toshewa ya iya. A ɗaya irin dajin huhun, wanda ke tashi daga ƙwayoyi masu fitar da majina kuma shi ne irin da aka fi samu a waɗanda ba su taɓa shan taba ba, sau da yawa sinadari ɗaya ne, kamar EGFR ko ALK, ya ƙi yin shiru, dare da rana yana ba ƙwaya umarnin rabuwa. In EGFR ne, gefitinib ko osimertinib ya shiga ya toshe masa baki, ƙari ya motse. Amma a sikwamos matsalar ba wani ne ya cika surutu ba, masu tsaro ne babu su. Abin da babu shi ta yaya za a toshe shi? Fiye da shekara 40 da gano p53, har yau babu ƙwayar da aka amince da ita a kanti wadda ke mayar da shi bakin aiki. Lahanin EGFR ɗin da gefitinib ke nema kuwa, a dajin huhu na sikwamos bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Likitoci kan nemi a gwada shi idan mai ciwon bai taɓa shan taba ba, ko naman da aka yanko ya yi ƙanƙanta har ana zaton daji biyu ne a gauraye. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kanti ba, ba kuma na ɗan uwa da ke Dubai ba.

Ba wai masana sun naɗe hannu ba ne. Akwai wuraren da sikwamos ma yake da mai surutun. Ƙwayar gadon FGFR1 tana ninkuwa a wajen 1 cikin 5 na dajin huhu na sikwamos, aka yi murna, aka haɗa magungunan toshe ta, amma da aka gwada a jikin mutane waɗanda ƙarinsu ya motse wajen 1 cikin 10 ne kawai. PIK3CA ma haka, ana yawan ganin ta a lalace, magungunanta ba su yi abin a zo a gani ba a wannan daji. Dalilin a ganina a fili yake: ƙarin da ke da kurakurai ɗari uku da wani abu ba da ƙafa ɗaya yake tsaye ba. HRAS ce ta ɗan ba da fata, don maganin tipifarnib ya motsar da ƙari a kusan rabin wani ƙaramin rukuni da aka gwada, sai dai masu wannan lahani kashi 4 zuwa 8 ne kawai cikin 100 na masu dajin baki da maƙogwaro.

Wanda ya samu shiga sosai shi ne cetuximab, allurar da ake sawa a ruwa, mai manne wa EGFR daga wajen ƙwaya. Dajin baki da maƙogwaro kusan duka suna tara EGFR da yawa a jikinsu ko da rubutunsa bai lalace ba. A 2006 aka nuna cewa haɗa shi da gashi, wato gasa ƙari da hasken inji, ya kai matsakaicin tsawon rayuwa wata 49, alhali gashi zalla wata 29 ne. A 2008, ga waɗanda ciwon ya dawo ko ya bazu, ƙara shi a kan kemo ya ɗaga lissafin daga wata 7.4 zuwa 10.1. Ɗan uwansa necitumumab, da aka amince da shi a 2015 don dajin huhu na sikwamos, daga wata 9.9 ya kai 11.5. Ina so mai karatu ya tsaya ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Wata biyu ko uku ba abin rainawa ba ne ga wanda ke son ya ga an ɗaura auren 'yarsa. Amma ba warkewa ba ce, kuma iyalin da za su sayar da abin da suke ci da shi suna da haƙƙin a gaya musu haka da Hausa, ba a bar su da zaton Baba zai koma gona ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ba ni mamaki. A ƙarshen 2018 manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Turai, suka gwada cetuximab da tsohon maganin kemo cisplatin, kowanne tare da gashi, a masu dajin maƙogwaro na HPV. Kowa ya ɗauka sabon zai yi daidai da tsohon kuma ya fi sauƙin wahala. Sai ga cisplatin, maganin 1978, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na cetuximab ba, ya yi nasara: a gwajin Amurka, bayan shekara 5, kusan kashi 85 cikin 100 na masu cisplatin suna raye, na cetuximab kashi 78. Shi dai cisplatin ɗin nan tare da gashi shi ne ginshiƙin maganin sankarar bakin mahaifa da ta girma tun 1999. Na sha ganin mai jinya ya yatsina fuska idan na miƙo masa shi, wai ai wannan na talakawa ne.

Wani lokaci ma kuskuren suna kan kai ga asarar rai. Bevacizumab, mai hana ƙari yin sababbin jijiyoyin jini, ana amfani da shi a sankarar bakin mahaifa da ta bazu, kuma yana taimakawa. Amma ba a ba mai dajin huhu na sikwamos, domin tun a gwajin farko an ga yana sa su aman jini mai kisa. Pemetrexed kuma yana aiki a ɗaya irin dajin huhun, a sikwamos ba ya tsinana komai. Duk wannan daga layi ɗaya na takardar gwaji ake sanin sa.

Inda haske ya ɓullo wa sikwamos wani wuri ne dabam. Yawan kurakuran nan da ya hana a samu wuri ɗaya a toshe, shi ne kuma ke sa ƙwayar dajin ta fita dabam a idon garkuwar jiki. Dajin kan kare kansa ta hanyar ɗaga wani sinadari, PD-L1, da ke sa sojojin jiki su janye. Magungunan da ke hana wannan yaudara, waɗanda aikin James Allison da Tasuku Honjo ya share wa hanya har suka samu kyautar Nobel a 2018, sun fi duk na baya tasiri a nan: nivolumab a dajin huhu na sikwamos a 2015, shi da pembrolizumab a dajin baki da maƙogwaro a 2016, cemiplimab a dajin fata a 2018, inda kusan rabin waɗanda aka gwada ƙarinsu ya motse. Su ma ba kowa suke yi wa aiki ba, a huhu da maƙogwaro waɗanda ke amsawa ba su kai rabi ba. Ga kuɗi: pembrolizumab duk mako 3 ake yin sa, kowane zagaye miliyoyin naira, ana iya kai shekara 2. Ga ajiya: dole ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta. Duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu da halin wutarmu, ya san abin da nake nufi idan na ce ina tsoron kwalbar da ta iso a jakar matafiyi. NAFDAC kuma ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan daji masu tsada, don ɓarawo ma ya san inda kuɗi suke.

Akwai wata fahimta da nake son a gyara, don na ga ta kusa raba wani aure. Mutanen Kano yanzu sun san jinotaif, musamman tun da aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, don haka da an ce ƙwayoyin gado sai hankali ya tafi ga sikila. Ba ɗaya ba ne. Sikila daga uwa da uba ake karɓo ta, tana cikin kowace ƙwaya tun ranar haihuwa. Kurakuran sikwamos kuwa kusan dukkansu a rayuwa ake tara su, a wurin da ciwon ya fito kaɗai suke, ba sa bin 'ya'ya. Har ma ana iya gane wanda ya yi ɓarnar daga irin kuskuren: hasken rana yakan mayar da harafin C ya koma T, hayaƙin taba kuma da nasa tambarin dabam. Yarinyar da mahaifinta ya rasu da dajin maƙogwaro ba ta gaji komai ba, a bar ta ta yi aurenta.

Masu ɓarnar a wajenmu kuwa sanannu ne. Akwai wani bawan Allah zabiya da ke sayar da katin waya a kusa da mu, yana zuwa sayen man kare rana idan ciniki ya yi kyau, idan bai yi ba ya haƙura. Na lura da wani ɓawo a saman kunnensa, busasshe, mai kaushi, ya ce yana ɓamɓarewa ya dawo. Irin wannan ɓawon shi ne matakin farko, kuma a wannan mataki likitan fata na iya kawar da shi a zama ɗaya. Zabiya ya gaji rashin launin da ke tare rana, amma bai gaji daji ba, ranar Kano ce ke rubuta masa shi a kunne da leɓe da ƙeya. Hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da rumfa sun fi masa cemiplimab da ba zai taɓa iya saye ba. Haka tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya yi shekaru, in ya fara tsiro ko wari ko bakinsa ya kumbura, a daina wanke shi a kemis, a je a yanki nama. Haka yaran da ke wanka a kwatamin noman rani suna fitsarin jini ana cewa alamar balaga ce: tsargiya ce, praziquantel ke kashe ta, in an bar ta shekaru tana iya zama dajin mafitsara.

Ita HPV dabararta dabam ce. Ba ta ɓata rubutun TP53, sai dai ta haɗa wani sinadari, E6, da ke rusa p53 ɗin bayan an haɗa shi, da wani, E7, da ke ɗaure wani mai tsaron dabam. Shi ya sa a binciken 2015 ɗin can, a dajin maƙogwaro mai HPV kashi 3 cikin 100 ne kawai TP53 ta lalace. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya danganta wannan ƙwayar cuta da sankarar bakin mahaifa, ya samu Nobel a 2008. Iri biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa wajen kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata 12,000 suka kamu a Najeriya, 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin kyauta, amma na ji da kunnena uwa tana cewa ba za a taɓa mata 'ya ba, wai na hana haihuwa ne. Ni nawa 'ya'yan an yi musu.

Wani abin da ke damuna, alƙaluman bincike da gwajin magani da na kawo duka daga jikin wasu aka samo su, akasari Turawa masu shan taba da giya. Dajin da ya tsiro a tsohon gyambo, ko a fatar zabiya a Sahel, ko a mafitsarar manomin shinkafa, ba lallai kurakuransa su zama irin nasu ba. Muna da Jami'ar Bayero, muna da asibitin koyarwa, muna da likitocin gwajin nama da suka san aikinsu, ga kuma hukumar NICRAT ta tarayya da aka kafa don binciken daji. Ina kira gare su da gwamnatin jiha su sa kuɗi a karanta rubutun dajin mutanenmu. Kafin a kai can ma, a sauƙaƙa ƙananan gwaje-gwajen rini da ake yi a kan naman, irin su p40 mai tabbatar da sikwamos ne, da p16 mai nuna alamar HPV, da PD-L1, yadda talaka zai same su a Kano cikin kwanaki. A kuma tabbatar injin gashi yana aiki kusa, don ga mai sikwamos, tiyata da gashi a kan lokaci su ne ke warkarwa.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, idan labarin sabon maganin daji ya zo teburinku, don Allah ku nemo mana wane irin daji ne, wane lahani maganin ke bi, mutum nawa aka gwada, kuma wata nawa ya ƙara. In babu waɗannan a labarin, a jinkirta shi.

Masu jinya kuma su sani, naman da aka yanka ba zubar da shi ake yi ba. Ana daskarar da shi a cikin ɗan kaki mai kamar girman akwatin ashana, da lamba a jikinsa, kuma yana shekaru bai lalace ba. Lambar tana saman takardar gwaji. A adana takardar, a ɗauki hotonta a waya, domin duk ranar da likita ya ce a yi gwajin PD-L1 ko na EGFR, ko za a tafi wani asibiti a Zariya ko Abuja, da wannan lamba ake neman kakin, sau da yawa ba sai an sake yanka mara lafiya ba.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Taku,
Wata mai harhaɗa magunguna,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.